Doka da Na'ura Za Su Iya Tare Hamada?

Yara, in itatuwa suka ƙare a ƙasa, iska ta kan kwashe taki, rairayi ya binne shuka, yunwa ta shigo gari. To, wane ne zai tare hamada? Waɗansu sun ce Gwamnati ta kafa doka. Waɗansu kuwa sun ce a kawo na'urori. Duka biyu suna da amfani, amma ba su isa ba sai da hannun manomi. Ga abin da ya faru a ƙasar Nijar.

Tun zamanin mulkin Faransa doka ta ce itatuwan daji na hukuma ne. Wanda ya sare reshe ba da izini ba, ma'aikatan gandun daji su kan ci shi tara. Saboda haka manomi ba ya son itace ya girma a gonarsa, tun yana ƙarami ya ke tumɓuke shi. Kun ga dokar da aka yi don kiyaye itace ita ce ta sa aka ƙi shi.

Bayan farin 1973 aka kashe kuɗi mai yawa wajen renon itatuwa, ana kai su ƙauyuka a mota ana dasawa. Yawancinsu suka mutu, gama ba mai ba su ruwa, ba mai tsare su daga awaki.

A shekarar 1983 wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura da wani abu a ƙasar Maraɗi. Ashe kututturan da ke cikin gonaki ba su mutu ba, saiwoyinsu suna nan da rai. In sun yi toho, sai manomi ya zaɓi ƙarfafa kaɗan ya bari, ya datse sauran. Wuƙa kaɗai ya ke bukata. Da hukuma ta sassauta doka, manomi ya sami ikon amfani da itatuwan gonarsa, sai aikin ya bazu har ƙasar Damagaram.

Manoma sun fi son gawo, don yana kaɗe ganye da damina, ba ya hana gero rana, ganyensa kuma taki ne. Daga baya masana suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama, suka kimanta itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Na'ura ta taimaka wajen ƙirga, amma manoma ne suka rene su.

Saboda haka doka mai kyau ita ce wadda ta sa mutum ya ga ribar kiyaye ƙasarsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku ma in kun ga tohon gawo a gonar gidanku, ku roƙi iyayenku a bar shi, ku kuwa ku kewaye shi da ƙaya.