Ina Za A Kafa Akwatin Waje Na Na'urar Sanyi?

Da zarar Afrilu ya kama, zafin Tawa ya haura digiri 40, sai mai kanti da ma'aikacin biro kowa ya shiga neman kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. Akan yi kwanaki ana ciniki, amma wurin kafa akwatinta na waje, cikin minti biyar an yanke shawara.

Ku sani, na'urar nan ba ta ƙera sanyi. Zafin ɗaki take kwasa ta zubar waje ta wannan akwati mai fanka. A Faransa irinta suke juyawa da hunturu, ta jawo ɗumi daga waje zuwa cikin gida, shi ya sa suke ce mata famfon zafi. To, akwatin da aka matse cikin lungu, iskar da ya fitar ita yake sake shaƙa. Injin ya wahala, takardar NIGELEC ta yi nauyi, ɗakin kuma bai yi sanyi ba. A bar masa kamar santimita 30 ta baya, gabansa kuwa fili, aƙalla mita guda.

Bangon yamma, kowa ya san ranar la'asar. Gabas kuma nan hadarin damina yake ɓullowa da ƙura. Masu karanta littattafan Turai sukan ce arewa ce inuwa, amma wannan lissafin ƙasarsu ne. A nan Adar, daga farkon Mayu zuwa tsakiyar Agusta, rana ta arewa da mu take bi, har bangon kudu ya fi samun inuwa. Saboda haka duk inda aka zaɓa, a yi masa ƴar rumfa daga sama, kada a rufe gefensa.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Tsohon gas ɗin R22 ana janye shi a duniya bisa yarjejeniyar Mantiriyal ta 1987, na'urori da yawa na yanzu kuwa da R32 suke zuwa, wasu da R290. Na farkon yana iya kamawa, na biyun kuwa ɗan'uwan gas ɗin girki ne. Dukansu sun fi iska nauyi, in sun zurara ƙasa suke kwanciya. Ke nan ba a kafa akwatin kusa da murhu, ko tukunyar mai shayi, ko injin bada wuta, balle teburin mai sayar da mai a kwalabe. Mai kanti ya dubi sana'ar maƙwabcinsa tukuna.

Bangon laka ba ya riƙe ƙarfen rataya. Girgizar injin tana sassauta shi a hankali har ya faɗo, mai yiwuwa a kan mai wucewa. Gara a gina dakalin siminti da ya fi ƙarfin ruwan tsakar gida, a kewaye shi da raga saboda yara da awaki. Ruwan da ke ɗiga daga bututu a kai shi gindin itace, don in ya bi bango zai ci shi. Wayar ƙasa kuma wajibi ce.

Mutanen Abalak da Cintabaradan, inda iskar hunturu ke toshe ƙarafan akwatin da rairayi, su sa shi inda hannu zai kai a wanke ba sai an nemo doguwar tsani ba.