Kwano Ɗaya, Hannu Biyar

A makarantun kwana da dama, da zarar farfaɗiya ta kayar da ɗalibi sau ɗaya, sai a ware masa kwanonsa. Ba mai sha a kofinsa, wasu ma kewaye wurin da ya faɗi suke yi, wai kada yawunsa ya taɓa su. To, ƙannenmu, farfaɗiya ba ta yaɗuwa. Ba a ɗaukarta ta yawu, ko kumfar baki, ko numfashi. Saƙonnin lantarki ne a cikin ƙwaƙwalwa ke hargitsewa na ɗan lokaci, sai jiki ya kama jijjiga, wani kuma ya yi zuru na 'yan daƙiƙu kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da ita a duniya, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa idan sun samu maganin da ya dace.

Mun cika maganar ciwon, mu manta da mai ciwon. Faɗuwa galibi ba ta wuce minti biyu zuwa uku. Sauran yinin fa, da me ake cika shi?

Idan kuka zauna da masu wannan lalura za ku ga abin da ke faranta musu rai bai kai yadda kuke zato girma ba. Yarinyar da ake tsare ta a gida kamar ƙwai, ranar da Umma ta miƙa mata kuɗi ta ce ta sayo kayan miya a bakin layi, ranar sallah ce a wurinta. Yaron da kowa ke lallaɓawa, daɗi yake ji idan malam ya yi masa faɗa kan aikin gida kamar kowa, domin hakan na nufin ana sa ran zai iya. Ga mai zana alama a kalanda duk daren da ya kwanta bai faɗi ba, har ya ga layi ya cika mako uku. Ga a kira sunanka wajen raba 'yan ƙwallo da yamma ba tare da an kalli juna ba. Mu dai a ganinmu, wanda ya fi duka shi ne abokai su zuba hannu a kwanonka na gurasa da ƙuli, har ku yi rigima kan loma ta ƙarshe.

Akwai abin da ake haƙura da shi: leƙa rijiya, zama kusa da wuta, wanka a rafi ba kowa kusa, hawan bishiya. Haka ma raba dare ana karatu lokacin jarrabawa, domin rashin barci na tayar da ciwon, kamar yadda tsallake magani ke yi. Manyan ɗaliban da ke tashin yara tsakar dare da sunan horo, ku ji wannan da kyau.

In abokinku ya faɗi, ku janye abin da zai ji masa rauni, ku sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, ku kwantar da shi a gefe guda. Kada a danne shi, kada a tura masa cokali a baki. Ba ya haɗiye harshensa. In jijjigar ta wuce minti 5, sai asibiti. In ya farfaɗo kuma, kada ya tarar da taron 'yan kallo. Mutum ɗaya ya ishe shi, ya gaya masa inda yake.

Ranar 26 ga Maris ake sa kaya masu launin shunayya don tunawa da masu farfaɗiya. Wata yarinya 'yar Kanada mai shekara 9, Cassidy Megan, ta ƙirƙiro ranar a 2008, ita ma tana da ciwon. Ku nemi izinin shugaban makaranta tun da wuri. Yadi ɗaya na ƙyalle, in an yayyanka, ya ishi aji guda ɗaurawa a hannu.