Saɓanin Ra'ayi Ba Gaba Ba Ne

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, manoma da 'yan kasuwa na ƙasar Shanono, akwai wata cuta da ke neman kama mu. Watau da zarar mutum ya faɗi abin da ba mu so a wurin taro, sai mu ce an saye shi.

Ku dubi gayya mana. Ran da aka kira gayya a gonar gero, mai gona ba ya tambayar ɗariƙar kowa, fartanya yake dubawa. In akwai gardamar inda za a fara, a gindin bishiya ake yin ta tun rana ba ta ɗaga ba. In an yanke, kowa ya sunkuya.

Haka magabatanmu suka yi siyasa. Cikin mutum takwas da suka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950 akwai Bello Ijumu, mutumin ƙasar Kabba, ga kuma Mudi Sipikin mai waƙa. A zaɓen 1964 Malam Aminu Kano ya haɗa kai da Joseph Tarka na ƙasar Tibi. Ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, amma kukan talakawansu ɗaya ne.

To, ran da aka kasa haƙuri da juna fa? A 1979 PRP ta ci jihar Kano da jihar Kaduna. A 1980 gardama ta tashi kan zaman da gwamnoninta biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, ke yi da gwamnonin wasu jam'iyyu. Gida ya rabu, ga Santsi ga Taɓo. A 1981 aka tsige Balarabe, a 1983 kuwa Kaduna ta tafi hannun NPN. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka muna roƙon shugabannin rassa daga Shanono har Bagwai: ku bar mai ƙorafi ya gama maganarsa. Manomi yana so hatsi ya yi tsada, mai saye da kwano yana so ya yi araha, dukansu namu ne, kuma taki da hanyar mota sun dame su baki ɗaya. A fara da abin da ya haɗa su. Abin da aka saɓa a kai a ɗaga hannu a ƙirga, wanda aka rinjaya kada a kore shi, gobe zai yiwu shi ke da gaskiya.

Allah ya haɗa kanmu, amin.