Barasar Burbon Ta Amurka Da Matsayin Musulmi A Wurin Ɗanɗanonta

A wannan mako za mu jingine bayanin zakkar dukiyar fatauci domin wata tambaya da ta zo mana daga wani ɗan'uwa ma'aikacin gwamnati, wanda aka aika kwas Amurka. Ya ce masu masaukinsu sun shirya musu yawon buɗe ido a Jihar Kentaki, a cikin wuraren da aka tsara kuwa har da gidan da ake tace wata barasa wai ita burbon, aka ce masa ɗanɗano ne kawai, ba sha ba ne, in ya so ma ya tofar. Shi ne yake neman sanin matsayinsa. To, da yake ba a yi wa abu hukunci sai an san shi, bari mu fara da bayanin mene ne burbon.

Burbon wani nau'i ne na wuski, tushensa kuwa masara. A dokar Amurka ba a kiran barasa da wannan suna sai masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin 100 na hatsin da aka dafa, sauran kuwa a cika da sha'ir da alkama ko hatsin rai. Sai a niƙa, a dafa, a zuba yis a bar shi ya yi tsami 'yan kwanaki. Iyakar nan bai bambanta da burukutun da aka sani a ƙasarmu ba. Bambancin yana zuwa ne wajen tacewa da wuta, watau a ɗora ruwan a tukunyar jan ƙarfe, tururin ya tashi, a sanyaya shi ya koma ruwa mai ƙarfi ƙwarai, kamar dai yadda ake yin ogogoro daga bammi a kudu. Daga nan a ɗura cikin sabuwar ganga ta itacen ok wadda aka babbake cikinta, a ajiye. Gangar ce ke ba shi launin ja da ƙamshi. Wanda ya shekara 2 ko fiye ana ba shi wani suna na daban, kuma ba a sa shi a kwalba in ƙarfinsa bai kai kashi 40 cikin 100 ba. A lura da wannan adadi, domin giyar kwalba da ake gani a otal-otal galibi ba ta wuce kashi 5 ko kusa da haka.

Mutanen Amurka suna ji da wannan abu. A shekarar 1964 Majalisar Dokokinsu ta zartas cewa kaya ne na musamman na ƙasarsu, a 1999 kuma ƙungiyar masu tace barasa ta Kentaki ta buɗe wata hanyar yawon buɗe ido mai ratsa gidajen tacewa, wadda ita ce ake so a bi da ɗan'uwanmu. Amma ba kullum haka lamarin yake ba. Daga 1920 zuwa 1933 tsarin mulkin ƙasar ya hana yin barasa da sayar da ita, saboda ɓarnar da suka gani da idonsu, har suka janye hanin da ya gagare su tsarewa.

Abin da ke ruɗin mutane a yau shi ne ƙananan gidajen tacewa da suka yawaita. Za ka ji an ce wannan aikin hannu ne, ganguna kaɗan aka zaɓa aka haɗa, maigidan da kansa ya tsaya a kai. Alhali kuwa dokarsu ba ta ma ƙayyade yawan gangunan da za a kira kaɗan ba, kowane kamfani da nasa awo. A wurin ɗanɗanon ana jera ƙananan tambulan, a zuba ɗan kaɗan a kowanne, a ce ka dubi launi, ka shinshina, ka kurɓa ka juya a baki, ka ɗiga ruwa ka sake kurɓa, sa'an nan a shiga zancen wai wannan yana da ƙamshin zuma, wancan na hayaƙi. Babu hayaniya, babu tangaɗi, kowa cikin shigar mutunci. Har abin da ke tsiyayewa ta jikin ganga ya bi iska a kowace shekara suna ce masa rabon mala'iku. Muna neman tsari, mala'ikun Allah sun tsarkaka daga wannan rabo.

To, ƙawata wuri ba ya canja abin da ke cikin tambulan. Hanin giya ya sauka ne mataki mataki, daga aya ta 219 ta Suratul Baƙara, zuwa ta 43 ta Suratun Nisa'i, har aka rufe ƙofa da aya ta 90 da 91 na Suratul Ma'ida, inda umarnin da ya zo na nisanta ne, wanda ya fi hanin sha kaɗai faɗi. Mai cewa ai wannan ba ta inabi ba ce, ta masara ce, sai ya duba abin da Imamu Muslim ya ruwaito game da mutumin Yaman da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan wani abin sha da suke yi da dawa. Ba a tambaye shi irin hatsin ba, an tambaye shi ko yana bugarwa, da ya amsa aka haramta. Mai cewa kuma ai kurɓi ɗaya ne, hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar ya daidaita hukuncin kaɗan da na mai yawa a duk abin da yawansa ke sa maye.

Saura batun tofarwa, wanda shi ne ainihin tambayar. A mazhabar Imamu Malik, wadda muke bi, giya najasa ce, mai kurɓa ya tofar ya sa najasa a bakinsa da gangan ba da larura ba, kuma da wuya wani abu bai wuce maƙogwaro ba. Ko da ma bai taɓa tambulan ba, akwai hani a kan zama a teburin da ake zagayawa da giya. Saboda haka shawararmu ga ɗan'uwa ita ce ya sanar da masu masaukinsa tun da wuri, cikin ladabi, cewa addininsa bai ba shi wannan ba. A saninmu mutanen can ba su cika jin haushin wanda ya faɗi gaskiyarsa ba, domin a cikinsu ma akwai Kiristoci da yawa da ba su sha. A birnin Luwisbil na wannan jiha akwai gidan tarihin Muhammad Ali, ɗan damben nan Musulmi wanda can ne mahaifarsa, yana iya cinye yininsa a nan.

Ku kuma fatake, naku ya fi wannan zurfi. Hadisin Anas ya lissafa mutum 10 da la'ana ta hau a kan giya, cikinsu har da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Idan abokin ciniki ya ba ka kwalba kyauta, kada ka ce za ka kawo wa wani maƙwabci wanda ba Musulmi ba, ko ka sayar. Ka mayar da godiya, in ta riga ta shigo hannunka ka zubar. Haka nan malamanmu sun hana sayar da inabi ga wanda aka tabbata matsewa zai yi, hukuncin masara da dawa ke nan, amma ba a ɗora maka binciken kowane mai saye a kasuwa ba. A kuma kula da tsaraba, domin a Kentaki ana sayar da alewar cakulan da miyar gashi waɗanda aka zuba musu burbon, dahuwa kuwa ba ta korar barasa duka. A karanta abin da aka rubuta jikin kwali kafin a saya wa yara.

Wani zai ce ashe sana'ar tacewa da wuta ita ma haramun ce? A'a. Magabatanmu irin su Jabir ɗan Hayyan da Alkindi sun yi fice a wannan fanni, Alkindi ma yana da littafi a kan tace turare, kuma sunan da Turawa ke kiran tukunyar tacewa daga Larabci suka are shi. Da irin wannan tukunya ake fitar da ruwan wardi da man turaren da muke shafawa ranar Juma'a. Batun turare da maganin asibiti masu sinadarin barasa a ciki kuwa akwai saɓanin malamai mai tsawo, shi za mu ɗauka a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.