Hisabin Iska da Ƙasa Ba Duba Ba Ne

Akwai wata magana da ta yawaita a zaurukan karatu da rumfunan 'yan hatsi, wai masu hisabin yanayi da kwamfuta bokaye ne, suna kutse cikin gaibu. Ana kafa hujja da ƙarshen Suratu Luƙman, inda aka ambaci saukar ruwa cikin abubuwan da Allah ya keɓanta da saninsu. Ayar gaskiya ce, amma zargin bai tsaya ba. Malamin da ya ƙirga kwanakin taurari ya ce wa manomi damina ta gabato, ba wanda ya kira shi boka.

Ga yadda aikin yake. Ana yanka sararin duniya gida-gida, kamar gidajen hatimi, a jera su hawa bisa hawa. Kowane gida ana rubuta masa zafinsa da laimarsa da gudun iskarsa, sa'an nan a lissafa abin da ya shiga da abin da ya fita, tamkar littafin mai kanti. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Richardson, shi ya fara gwadawa da alƙalami, ya buga littafinsa a 1922. Lissafinsa bai yi daidai ba, kuma ya ƙiyasta sai an tara maƙirga 64,000 kafin a riga yanayin gudu. Sai a 1950 Jule Charney da abokansa suka yi nasara da kwamfuta a Amurka. Daga baya Syukuro Manabe, mutumin Japan, ya shigar da ƙasa cikin hisabin a 1969. Ya ɗauke ta kamar guga mai zurfin santimita 15: ruwa ya zuba ta cika, rana ta tsotse, rara ta malala kogi. Abin kamar wasa, amma a kansa aka yi gini, shi kuwa ya sami kyautar Nobel a 2021.

To, ina ruwan mutumin Kano ko Damagaram? Ruwansa babba ne. Bayan farin 1973, wanda ya karkashe shanu ya wofintar da rumbuna, Charney ɗin nan ya kawo ra'ayi a 1975 cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta yi fari fat, sai ta mayar da hasken rana sama, hadari ya ƙi haɗuwa. Mutane suka ɗauki maganar fiye da inda ya ajiye ta, aka jibga wa makiyayi da mai saran itace laifin fari, aka shekara da shekaru ana zarginsu.

Hisabin nan ne ya sassauta musu. A 1986 Folland da abokansa na ofishin yanayi na Ingila suka nuna daminar Sahel tana bin zafin ruwan teku. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ba kwamfuta zafin tekuna kaɗai na 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata an sare ko kargo ɗaya ba, sai ga ta ta fito da shekarun ni'ima na bayan 1950 da shekarun fari da suka biyo. Ashe babban sanadi yana can tekun Atlantika da na Indiya, ƙasa kuwa tana ƙara wa abin ƙarfi ne kawai. Wannan shaida ce da alƙali zai saurara, domin ta wanke wanda ba ya nan balle ya kare kansa.

Amma kada a mai da ita wahayi. A 2005 hisabin ɗakin bincike na GFDL da ke Firinston ya nuna Sahel za ta bushe ƙwarai a wannan ƙarni, alhali wani hisabi na Japan ya nuna ruwa zai ƙaru. Saɓani ne irin na malamai, kuma yana da dalili. Ko sabon tsarin da GFDL ta bayyana a 2018, gida ɗaya cikinsa kimanin kilomita 100 ne, hadarin damina kuwa ya kan zuba a Bichi ya bar Dawanau cikin ƙura. Abin da ya fi gida ƙanƙanta sai dai a ƙiyasta shi, kowane ɗakin bincike da irin ƙiyasinsa. Kan ƙaruwar zafi duk sun haɗu. Kan ruwa ne ake jayayya.

Saboda haka ɗan kasuwar da zai ɓoye gero ko ya ba da bashin taki, ya saurari sanarwar damina ta NiMet ko ta cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kamar yadda yake sauraron labarin farashi daga wata kasuwa: ya yi aiki da ita, kada ya zuba jarinsa duka a kanta. Malamai kuma suna da abin bayarwa. Ba a gyara hisabin nan sai da awon ruwa na ƙasa, ma'aunan kuwa sun yi ƙaranci a ƙasashen Sahel. Tsangayar da ta iya kiyaye ƙirgan wata da lokutan salla za ta iya kafa gwangwanin awo a fili, almajiri ya rubuta abin da ya taru kowace safiya, a aika wa hukumar yanayi ƙarshen wata.