Harafi ɗaya a jikin fulogi ya kusa kwanar da ni a daji

Makon jiya tsohuwar motata ta fara shaƙewa tsakanin Daki Takwas da Anka, ga la'asar ta yi sakaliya. Duk mai bin hanyar nan ya san abin da tsayuwa a wanga lokaci ke nufi. Da ƙyar da salati muka lallaɓa muka shiga gari.

Da bakanike ya kwance, sai ga matsalar: fulogin da na saya ne. Nawa na asali BP6ES ne, mai shago ya ba ni BP6HS, ya ce wai duk ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne.

Rubutun nan ba ado ba ne. A tsarin NGK, harafin farko kaurin zare ne: B milimita 14, D 12, C 10. Harafin da ke bayan lamba tsawon zaren ne: E milimita 19, H 12.7. Ka sa gajere inda ake son dogo, wutar ta maƙale cikin rami, inji ya riƙa tari yana shan mai. Ka sa dogo inda ake son gajere, yana iya dukan fistin, kuɗin fulogi ya koma kuɗin gyaran inji.

Lambar tsakiya kuwa ta zafi ce. A NGK, in lamba ta hau, fulogi ya fi sanyi. A Bosch akasin haka ne. Shi ya sa 6 ta NGK ke daidai da 7 ta Bosch, wato W7DC. Masu mashin ma ku kula, C7HSA da D8EA ko ramin juna ba su shiga.

Ni ra'ayina, mu daina cewa "ba ni fulogin mota" kamar mai sayen goro. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kowace lita da ciwo ake sayenta, kuma wanda zai tashi daga Gummi ko Bukkuyum da mai naƙuda a mota ba ya da lokacin gwaji. Ka tafi shago da tsohon fuloginka a aljihu, ka karanta harafi bayan harafi. In ba ka iya ba, ba kunya, yaronka ɗan makaranta ya karanta maka. Masu shago ku ji tsoron Allah, in babu ku ce babu.

Allah ya tsare mu a hanya, ya ba Zamfara lafiya.