ƊANKA AMANA NE KO YAYA ALLAH YA HALICCE SHI



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci bayinSa daban-daban bisa hikimarSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku iyayen yara, maza da mata, a wannan fitowa ina so mu yi magana a kan wasu 'ya'yanmu da ba a cika ganinsu a layin makaranta ba, ba a kuma jin sunansu ranar walimar sauka. Ina nufin yaron da Allah Ya jarraba da makanta, ko kurumta, ko shanyewar gaɓɓai, ko jinkirin fahimta, waɗanda yanzu ake kira masu buƙata ta musamman. Da yawansu suna nan cikin gidajenmu. 'Yan'uwansu su ɗauki allo da jaka su fita, su kuwa a bar su a tsakar gida daga su sai kaji. Wasu ma an miƙa musu ƙoƙon bara tun ba su san damansu da hagunsu ba. Hukumar UNICEF a rahotonta na 2021 ta ƙiyasta cewa irin waɗannan yara sun kai kusan miliyan 240 a duniya, wato kusan ɗaya cikin kowane goma. To ka ga ashe babu unguwar da za ta ce ba ruwanta.

Abin da nake kira gare shi shi ne kowane uba da kowace uwa su buɗe wa irin wannan yaro makaranta a cikin gida, ko ana kai shi wata makarantar ko ba a kai shi. Kayan karatun kuwa suna nan a madafa da tsakar gida, ba sai an je kanti ba.

UZURIN DA AKE KAWOWA

In ka tambayi wani mahaifi don me bai sa wane a makaranta ba, sai ya ce maka, "Haba Malam, ai wannan babu hisabi a kansa." A nan akwai kuskure iri biyu. Na ɗaya, makaho da kurma da gurgu masu cikakken hankali ne, kuma in sun balaga salla da azumi sun hau kansu gwargwadon iyawarsu. Wanda ya karanta Ahalari ya san yadda aka jera matakan salla ga mara lafiya: a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance. Wane ne zai koya musu wannan in ba mu ba? Na biyu, ko da yaro yana cikin waɗanda shari'a ta ɗauke wa nauyi saboda raunin hankali, ai shi aka ɗauke wa, ba ubansa ba. Kai da aka ba kiwonsa za a tambaye ka yadda ka yi da shi.

Wani kuma sai ya ce aljanu ne, ko sammu, a yi ta yawo da yaro har shekarun koyo su wuce. Addu'a makamin mumini ce, ba mai musun haka, amma ba ta hana neman sani da magani. Sanƙarau kan bar yaro da kurumta, kuma manya ba su manta da annobarsa ta 1996 a Arewa ba. Ƙyanda kan taɓa ido. Shawarar da kan kama jariri a kwanakin farko, in ta yi tsanani ba a kai shi asibiti ba, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa da ji. Doguwar naƙuda ma haka. Babu laifin uwa a ciki, saboda haka mazan da ke ɗora wa matansu laifi, har wani ya kai ga saki, su ji tsoron Allah.

Mu duba magabata. Saboda Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.), makaho da ya zo neman sani, aka saukar da farkon Suratu Abasa. Daga baya ya zama ladanin Manzon Allah tare da Bilal, kuma sau da yawa shi ake bar wa jagorancin salla a Madina in an fita yaƙi. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, duk da gurguntaka da shanyewar hannu, shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 590 bayan Hijira, makaho ne, amma har yau ba mai ƙwarewa a ƙira'o'i bakwai bai bi ta kan littafinsa ba. Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 86 zuwa 96 bayan Hijira, ya sa aka ba makafi 'yan jagora, guragu kuma masu yi musu hidima. Da iyayen waɗannan malamai sun ɓoye su a ƙuryar ɗaki, da wa ya yi asara?

YADDA ZA A FARA

Ƙa'idar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce dai ta makarantar allo: kaɗan-kaɗan, a maimaita, ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Bambancin kawai shi ne wannan yaro yana buƙatar a ƙara gutsuttsura masa darasin, a kuma ƙara masa lokaci. A tsayar da lokaci guda kullum, misali bayan La'asar, a wuri guda, a kan tabarma guda. Minti goma ya isa a farko. Gara minti goma kullum da awa biyu ranar Alhamis kaɗai, domin yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya. A tashi tun yaro bai gaji ba, kuma a rufe da abin da ya iya, don ya tashi da farin ciki.

Sai batun bulala. Don Allah a ajiye ta. Yaron da bai gane ba, duka ba ya buɗe masa kai, sai dai ya sa shi ƙin tabarmar da mai tabarmar. Anas ɗan Malik (R.A.) ya yi wa Annabi (S.A.W.) hidima shekara goma yana yaro, ya kuma ba da labarin cewa bai taɓa tsawata masa a kan abin da ya yi ko wanda ya bari ba. In yaro ya yi daidai a yaba masa nan take, a ce "madalla", a shafa kansa, ya san abin da aka yaba.

Ga mai jinkirin fahimta, a fara da abin da zai amfane shi yau: wanke hannu, sa riga, tsarki, cin abinci da kansa. Akwai wata dabara mai kyau. Maimakon a ce ya yi aikin tun daga farko, sai a yi masa duka a bar masa matakin ƙarshe. In riga ce, uwa ta sa masa kai da hannuwa, shi ya ja ta ƙasa. In ya iya wannan, sai a bar masa matakai biyu na ƙarshe, har ya kai ga farko. Da haka kullum shi ne ke gama aikin, kuma daɗin gamawa shi ke jawo shi gobe. Alwala kuwa a tsaya gefensa da buta, a yi yana kallo yana kwaikwayo, gaɓa ɗaya a mako in ta kama, kuma kada a cika shi da bayanin farilla da sunna tukuna. Lissafi a yi shi da ƙwallon dabino, ko murafan kwalba, ko carbi. Uwa in tana tsintar wake ta zuba masa wake da masara a faifai ya ware su cikin kwano biyu. Wannan wasa ne a idonsa, amma yana horar da ido da yatsu da natsuwa, su ne kuwa ake buƙata ranar riƙe alƙalami. Sai dai a kula, ƙaramin yaro ko mai kai komai baki ba a ba shi ƙananan abubuwa sai da mai lura. Babbaƙu ma kafin a kai ga tawada, a baza rairayi a tire ya zana alu da ba da yatsansa, in ya ɓata ya share ya sake.

Akwai kuma yaron da ba ya son haɗa ido, ba ya amsa sunansa alhali yana ji, hayaniya na firgita shi, yana son komai a yi shi yadda aka yi jiya. Likitoci na kiran wannan otizim. Shi irin wannan a kashe rediyo lokacin karatu, a gajarta magana, a zana masa hotunan ayyukan yini a kwali a jere, a riƙa nuna masa abin da ke tafe kafin ya zo.

Makaho hannunsa da kunnensa su ne idonsa. A daina yi masa komai. A ɗora hannunsa a kan abu a faɗa masa sunansa: wannan ludayi ne, wannan turmi, wannan ganyen zogale. A daina sauya wa kayan ɗaki wuri ba a sanar da shi ba. Uba ya riƙa tafiya da shi masallaci yana faɗa masa alamomin hanya, har ya san ta da kansa. Hadda kuwa ƙofarta a buɗe take gare shi. Karatun Shaihu Mahmud Khalil Husari, wanda a 1961 ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke da murattal, da na Shaihu Minshawi wanda yara ke maimaitawa bayansa, duk ana samunsu a wayar hannu. A sa masa aya ɗaya ya ji sau da yawa, sannan ya biya wa wani babba. Amma waya ba ta maye gurbin malami, kuma kada a sakar masa ita yini guda don a huta da shi. Haruffa a lanƙwasa igiya a manna a kwali, ko a gina su da yumɓu, ya shafa ya san siffarsu. Sannan a nema masa rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda Louis Braille na ƙasar Faransa ya fitar a littafi a 1829. Yau akwai Alƙur'ani cikakke da wannan rubutu.

Kurma shi ne aka fi zalunta ba a sani ba, don jikinsa lafiya lau, sai a ɗauka taurin kai ne. Babban abin da yake buƙata shi ne harshe, tun yana ƙarami. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu tun kaka da kakanni, cikakken harshe ne mai ƙa'ida. Iyaye su nemi babban kurma mai mutunci a unguwa ya koya wa gidan duka, ba yaron kaɗai ba, don kada ya zama baƙo a gidan ubansa. In za a yi masa magana a fuskance shi cikin haske, kada a yi ihu. A rubuta sunan kaya a takarda a liƙa a jikinsu: ƙofa, randa, gado, da boko da ajami. Salla ya tsaya a sahu kusa da uba yana gani. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa, ko wanda ƙara ba ta razana shi, a gaggauta kai shi asibiti a gwada jinsa.

Mai shanyewar gaɓɓai kuwa, sau da yawa kansa garau yake, jikin ne ke ba shi wahala. Kada a bar shi kwance yini guda yana kallon rufi. A tallafe shi da matashi ya zauna inda ake hira, a naɗa wa alƙalami ko cokali tsumma ya yi kauri don ya iya riƙewa, a kuma ba shi lokaci ya gama maganarsa ba a ƙarasa masa ba.

Wani darasi da ba a son faɗa amma dole a faɗe shi, musamman ga 'ya'ya mata: uwa ta koya wa yarinya iyakar al'aurarta, da wanda ya halatta ya taimaka mata a banɗaki, da yadda za ta nuna in wani ya taɓa ta. Miyagu sun fi farautar wadda suka san ba za ta iya ba da labari ba. Haka kuma a shirya ta a kan haila da tsarkinta tun kafin ta zo mata.

KIRA GA MAZA DA MALAMAI

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Alhaji, Malam, wannan aiki ba na uwar yaro ba ne ita kaɗai, wadda ga girki ga goyo. Ka ɗauki naka rabon ko da tsakanin Magariba da Isha'i ne. Yayye da ƙanne ma a raba musu kwana, a kuma hana kiran yaro da sunan lalurarsa. Yana da sunan da aka yanka masa rago.

Mu kuma malaman Islamiyya, in an kawo mana irin wannan yaro kada mu ce ba mu da wurinsa. A zaunar da shi gaba, a haɗa shi da ɗalibi mai haƙuri, a riƙa rubuta wa iyayensa abin da za su maimaita a gida. Iyaye kuma su san cewa akwai makarantu na musamman, kamar ta Tudun Maliki a Kano da ta makafi da ke Gindiri a Jihar Filato, kuma dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadar musu ilimi kyauta har zuwa sakandare. Haƙƙi ne, a je a nema. Masu hali kuma, sayen keken guragu ko na'urar ƙara ji ga ɗan maƙwabci sadaka ce mai gudana.

Ba kowane yaro ne zai sauke Alƙur'ani ba, wannan gaskiya ne. Wani iyakarsa Fatiha da Ƙulhuwallahu, wani iyakarsa ya iya tsarki da sallama. To a kai kowa iyakarsa, kada a tsayar da shi tun bai fara ba. Allah ba Ya tozarta ladan mai kyautatawa.

Allah Ya shirya mana zuri'armu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba iyaye haƙuri da juriya, Ya sa mu sauke amanar da Ya ɗora mana. Amin summa amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.